Yadda ake sa reshen gwaiba da lemun tsami su yi saiwa da hodar saiwa

Duk wanda ya taɓa cin wata gwaiba mai daɗi a gidan mutane, irin farar nan ƙatuwa mai ƙarancin ƙwaya, ya ɗebi ƙwayar ya je ya shuka ya yi ta ban ruwa shekara da shekaru, to ya san takaicin da ake ji ranar da ta fara 'ya'ya ka ga ƙanana ne ga ƙwaya fal ciki. Ba wani asiri ba ne, ƙwayar iri ba ta bin uwa sak, don ƙudan zuma sun riga sun haɗa furen da na wata bishiyar. Amma reshe in ya kama, to uwar ce da kanta ka ɗauko, girmanta da zaƙinta duk iri ɗaya, kuma ya fi saurin fara 'ya'ya.

Matsalar dai ba kowane itace ke yarda ba. Zogale, rogo, lalle, cediya, bini da zugu, waɗannan ko ka sare ka soka a ƙasa da damina ka tafi abinka za su kama, kar ma ka ɓata kuɗinka wajen saya musu magani. Masu taurin kan su ne irin gwaiba, lemun tsami, da boganbiliya ɗin nan mai hawa katanga, ka soka goma ka wayi gari duk sun yi baƙi. Su ne ake nema wa hodar saiwa.

Ita hodar ba taki ba ce kuma ba maganin ƙwari ba ce. Ita bishiya da ma tana haɗa wani sinadari nata da ake kira oksin a can ƙarshen tsiro da sabbin ganye, yana gangarowa ƙasa, in ka yanke reshe sai ya taru a gindin wurin yankan ya sa wurin ya fara fidda saiwa. Wasu itatuwan nasu ya ishe su, wasu kuwa bai kai ba, sai an ƙara musu. Tun 1935 wasu masana biyu a Amurka, Zimmerman da Wilcoxon, suka nuna cewa sinadaran IBA da NAA suna yin wannan aikin, kuma har yau in ka juya bayan robar da ka saya ɗayansu za ka gani a rubuce ko duka biyun. To lambar da ke kusa da sunan ita ce abin dubawa. Mai 0.1% na reshe ɗanye ne mai taushi, mai 0.3% na wanda ya fara ƙwari, mai 0.8% kuma na reshen da ya zama itace sosai. Masu hodar saiwar da ake kira Seradix ma haka suka raba nasu, lamba 1, 2 da 3. Don gwaiba da lemun tsami ni dai na tsakiyar nake ba mutane shawara, saboda mai ƙarfin in ya haɗu da ɗanyen reshe ƙona gindin yake yi, ka ga ya yi baƙi ya ruɓe kai kuma kana ganin ai ka zuba magani mai kyau. In za ka saya a shagon 'yan maganin gona ka duba ranar lalacewa, kuma kar ka karɓi wadda aka ƙulla a leda babu suna babu lamba, don ba ka san me ke ciki ba. In ka kawo gida a rufe ta ruf a ajiye wuri mai sanyi inda rana ba ta kaiwa, nesa da yara.

Lokaci kuma, gaskiya a arewa damina ce, daga Yuni zuwa Satumba, lokacin iska na da laima kuma zafi ya sauka. Da hunturu iskar busar da reshe take yi tun kafin ya san inda yake, da bazara kuwa zafin Maris zuwa Mayu da ke haura digiri 40 dafa shi zai yi a cikin ledar da ake rufe shi da ita. Ana iya yi a waɗannan lokutan amma wahalar ta ninka. Kuma da sassafe ake yanka, bayan asuba kafin rana ta ɗaga, lokacin reshen na cike da ruwa. Ka tafi da bokiti da ɗan ruwa ko jiƙaƙƙen buhu, kana yanka kana sakawa, kar ka bar su a ƙasa kana hira.

Zaɓen reshe shi ne inda ya kamata mutum ya nutsu. Ka je jikin gwaiba ka kama sabon reshe ka murza shi tsakanin yatsu, za ka ji ba zagayayye ba ne, kusurwa huɗu gare shi, kore shar. Ka bi shi da hannu zuwa baya za ka ji kusurwar na ɓacewa, launin na komawa ruwan ƙasa, ɓawon ya fara santsi. To tsakanin nan ake so, inda yake kore har yanzu amma ya yi ƙwari, in ka lanƙwasa shi ba ya langaɓewa kamar alayyafo kuma bai kai ya karye ƙaras ba. Can ƙarshen mai laushin nan a cire shi, yaushi zai yi cikin awa ɗaya. Lemun tsami ma haka, sabon tsironsa na da kusurwa, sai ka nemi wanda ya gama girma ya fara zagayewa, ganyensa ya yi duhu. A guji reshe mai fure ko 'ya'ya, ƙarfinsa na can, a guji mai ƙwari ko ganye rawaya. Reshen bishiya matashiya, ko tohon da ya fito bayan an yi wa bishiya sassabe, ya fi na tsohuwar bishiya saurin kamawa nesa ba kusa ba.

Tsawon kamar santimita 10 zuwa 15, da gaɓa uku ko huɗu, wato wuraren da ganye ke fitowa. Yankan ƙasa a yi shi daf da ƙarƙashin gaɓa, don nan saiwa ta fi fita. Da reza sabuwa ko almakashin lambu mai kaifi, a goge da sifirit ko a tsoma a ruwan bilic, kashi 1 a kashi 9 na ruwa, don wuƙa dakusasshiya murƙushe reshen take yi kuma ta nan ruɓa ke shiga. A cire ganyen ƙasa duka, a bar biyu zuwa huɗu a sama, su ma a yanke kowanne rabi. Kar a tsige duka wai don kar ya sha wahala, ganyen nan shi ke ciyar da shi har saiwa ta fito. Na boganbiliya da duk mai ɗan tauri sai a ɗan kankare ɓawon gefe ɗaya a gindi, kamar santimita 2, har a ga koren ciki, hoda ta fi shiga ta nan. Kuma ka kula da sama da ƙasa, in ka juya reshe ka dasa shi kai ƙasa ba zai yi ba ko ka zuba masa roba guda.

Abin da za a soka shi ciki kuwa, don Allah ban da ƙasar lambu mai taki, ban da kashin shanu, ban da laka. Na san zuciya na son a ba shi mai kyau, amma reshen da ba shi da saiwa ba abin da zai ci, iska yake so a gindinsa da danshi daidai. Yashin rafi mai gwari-gwari a wanke shi, a haɗa rabi da rabi da ƙonannen ɓuntun shinkafa ko garin ɓawon kwakwa in ana samu, shi ke nan. A zuba a ledar dashe ko ledar fiya wata da aka huda gindinta, a jiƙa a bari ya tsane, in ka damƙa a hannu ya dunƙule amma ruwa ba ya ɗiga.

Sai shafa hodar. Ɗebi kaɗan a murfin kwalba, kar ka riƙa tsoma reshe a cikin robar kai tsaye, za ka jiƙa ta ka kuma sa mata cuta, abin da ya rage a murfin a zubar. Ka ɗan jiƙa gindin reshen, ka dangwala santimita 1 zuwa 2 a hodar, sannan ka ƙwanƙwasa shi a bakin murfin har abin da ya yi yawa ya zube, ya rage ɗan fari-fari kawai a jiki. In jel ne ko na ruwa, tsomawa ce ta kamar daƙiƙa biyar. Sannan ka huda rami da fensir tukuna ka saka reshen ka danne gefe da yatsa, don in ka tura shi haka nan yashi zai goge hodar tas. Kamar kashi ɗaya cikin uku nasa ya shiga ƙasa. Ka wanke hannu in ka gama, kuma kar ka shaƙi garin.

Yanzu fa aka zo wurin da ake cin nasara ko a faɗi, kuma wallahi ya fi hodar muhimmanci. Reshen nan na da ganye yana fitar da ruwa amma ba shi da saiwar da zai sha, aikinka kawai ka hana shi bushewa kuma ka hana shi ruɓewa har sati shida ko takwas. Yanke gindin babbar robar ruwa ka kifa a kai, ko ka kafa tsinke ka rufa farar leda ka ɗaure, yadda ledar ba ta taɓa ganye. A ajiye a inuwa mai haske, gindin bishiya ko ƙarƙashin rumfa, inda rana ba ta bugawa kai tsaye ko na awa ɗaya, don rana in ta sami rufaffiyar leda an gama. Da safe ka leƙa, in ka ga raɓa ta kwanta a cikin robar to lafiya lau, in babu ka ɗan fesa ruwa a ganyen. Duk bayan kwana biyu ko uku ka buɗe na 'yan mintuna ya sha iska, ganyen da ya faɗi ka tsince shi nan take kafin ya yi funfuna. Ban ruwa sai in saman yashin ya fara bushewa, mutane da yawa da ruwa suke kashe nasu. A ɗora su kan bulo ko benci saboda gara da ruwan sama mai kwanciya. Mai hali ya ɗan fesa maganin funfuna irin mancozeb tun farko, yana taimakawa.

Wajen sati biyu za ka iya ganin sabon toho, kar ka yi murna tukuna ka cire leda, sau da yawa abincin da ke jikin reshen ne ya turo shi alhali ƙasa babu komai. Kuma a daina tumɓukewa ana dubawa, sabuwar saiwa fara ce mai saurin karyewa. Bayan sati huɗu ka ɗan ja a hankali, in ka ji ya riƙe to ta fara, ko ka jira ka gan ta ta jikin leda. Boganbiliya takan fi haka daɗewa kuma saiwarta ta fi kowacce saurin tsinkewa. Ka yi da yawa tun farko, ashirin ko talatin, don ko ƙwararrun masu renon dashen itatuwa ba duka ke kama musu ba.

Zancen zuma da kirfa da alobera da ake ta yaɗawa, zuma da kirfa suna iya rage ruɓa amma ba su ne sinadarin saiwa ba, a reshe mai sauƙi za ka ga kamar sun yi aiki don da ma zai kama.

In gwaibar ko lemun sun ƙi duk da haka, akwai hanyar da ta fi tabbas, a sa reshen ya yi saiwa tun yana jikin uwarsa. Nemi reshe mai kaurin yatsa, ka zagaye ɓawonsa ka ɓare zobe mai faɗin santimita 2 zuwa 3, ka kankare santsin nan da ke jikin itacen sosai don kar ɓawon ya sake haɗewa, ka shafa hoda a leɓen sama na yankan, ban da na ƙasa, sannan ka dunƙula jiƙaƙƙen garin kwakwa ko ruɓaɓɓen garin katako a wurin ka naɗe da leda ka ɗaure sama da ƙasa gam. Cikin wata biyu zuwa uku za ka ga saiwa ta cika ledar, sai ka yanke ta ƙasa, ka rage ganye, ka dasa a leda a inuwa.

Wanda ya kama ba a fito da shi rana gaba ɗaya. A riƙa buɗe robar kaɗan kaɗan tsawon sati guda, sannan a mayar da shi babbar leda mai ƙasa da ruɓaɓɓen taki, ya yi wata biyu ko uku yana sabawa da rana kafin a kai shi rami. A sani kuma bishiyar reshe ba ta da doguwar saiwar tsakiya irin ta ƙwaya, don haka tana son ban ruwa da rani a shekarun farko da ɗan turke saboda iska. Lemun reshe kar a binne shi da zurfi ko a bar ruwa na kwanciya a gindinsa, ciwon ƙaro, wato wanda ke sa gindin ya riƙa tsatso ƙaro, na saurin kama shi, shi ya sa mai son gonar lemu ta kasuwa gara ya sayi mai aure, wato wanda aka haɗa reshen irin da ake so a kan gindin wani. Mangwaro kuma kar ka wahalar da kanka da hoda, da ƙyar reshensa ke saiwa, ka shuka ƙwallo kawai in ya kai kaurin fensir a yi masa aure da reshen wanda kake so.