Kurakuran da masu koyon aikin malamin motsa jiki suka fi yi a fili

Da yawa daga masu koyon aikin malamin motsa jiki tsofaffin 'yan wasa ne. Tun suna yara su ake fara zaɓa in za a buga ƙwallo, don haka ba su san zafin zama na ƙarshe ba.

Shi ya sa za ka ga sabon malami ya kira kyaftin biyu ya ce kowa ya zaɓi mutanensa. Tsaya ka kalli layin. Ana kwashe gwanaye ɗaya bayan ɗaya, har ya rage saura yaron nan mai jiki, yana tonon ƙasa da takalminsa, yana murmushin yaƙe, kyaftin biyun kuma suna gardamar wa za a liƙa wa shi. Abin bai wuce minti 3 ba, amma mako mai zuwa yaron zai ce maka cikinsa na ciwo. Gyaran ba wuya: raba su a takarda tun kafin ka fito fili, ka cakuɗa masu ƙarfi da masu rauni, ka riƙa sauya rabon.

Sai hukunta yara da motsa jiki. "Ka makara? Zagaya fili sau biyar!" Hukumar Lafiya ta Duniya tana so 'yan shekara 5 zuwa 17 su riƙa motsa jiki na minti 60 a kullum, kai kuma kana koya wa yaro cewa gudu hukunci ne. Ja shi gefe ku yi magana ku biyu, ya huce, ya koma cikin wasa.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne malamin da ba ya lura da zuciyarsa. Mai duba aikinsa na zaune a gefe da biro, yara sun watse, gumi ya jiƙa riga, sai ya dinga hura usur ba ƙaƙƙautawa yana daka tsawa. Usur ɗin da ake hurawa kowane lokaci, kunne sabawa yake yi da shi. Tun ranar farko ku yi yarjejeniya: busa ɗaya, kowa ya tsaya, ƙwallo a ƙarƙashin ƙafa. Kada ka buɗe baki sai an yi tsit. Bayan darasi rubuta layi biyu: a ina raina ya ɓaci, me ya jawo? Kai wa malamin da ke kula da kai. Ɓoye masa don kada ya ce ba ka iya ba shi ne yake tsawaita wahalar.

Neman yara su so ka ko ta halin ƙaƙa ma tarko ne. In ka ɗaga wa gwanin aji ƙafa yau, gobe kowa ya san dokarka ba ta da haƙori.

Akwai kuma masu zaton wasa da kansa yana gyara hali. Ba ya yi, sai an koyar. Don Hellison, wani malami a Amurka, ya tsara matakai 5 na koyar da hali ta hanyar wasa: girmama wasu, ƙoƙari, tafiyar da kai, taimakon wasu, sannan ɗaukar halin zuwa wajen fili. Ba wa mai yawan gardama alƙalanci, mai kunya ya riƙe lissafin ci. Ka ware minti 5 na ƙarshe, a zauna a da'ira, ka tambaya: "Yau wa ya taimake ka, kai kuma wa ka taimaka?"