Babi na 6: Ƙwaƙwalwa, Jininta da Ruwanta

Darasi na 1: Hanyar jini

Kowa ya ɗora tafin hannunsa a kan kansa. Ƙashin da kuka ji shi ne ƙoƙon kai, ƙwaƙwalwa tana ciki. Nauyinta a jikin babban mutum bai kai kilo ɗaya da rabi ba, amma ita ke cinye kusan kashi 1 cikin 5 na iskar da jiki ke amfani da ita. Jini ne ke kai mata wannan iska ta manyan jijiyoyi 4: biyu a gaban wuya, biyu a baya. A minti ɗaya, jinin da ke hawa kai ya kai ledar fiya wata ɗaya da rabi.

Ku sa yatsu biyu a gefen maƙogwaro, a hankali, gefe ɗaya kawai. Bugun da kuka ji, jinin ne ke wucewa. Wanda bai ji ba ya matsa kaɗan, zai samu.

Darasi na 2: Dama da hagu

A nan ake tuntuɓe kowace shekara, saboda haka mu tafi sannu. Ƙwaƙwalwa ɓari biyu ce. Ɓarin hagu, wato hauni a bakinmu na Sakkwato, shi ke juya hannu da ƙafar dama. Ɓarin dama kuma shi ke juya na hagu.

Ku ɗaga hannun dama. Wane ɓari ya ba da umarni? Na hagu. Ku sauke. Ku sake ɗagawa. Wane ɓari? Na hagu dai. Yanzu hannun hagu. Na dama. Baba, Inna, ba abin kunya ba ne in kun rikice, ni ma na rikice da farko. Ku sake.

Amma fa wanda ya rubuta "dama da dama" a jarabawa bayan duk wannan, ba rikicewa ya yi ba, hira yake yi a bayan aji. Na faɗa: hannun dama, ɓarin hagu.

Amfaninsa ke nan: idan jijiya ta toshe ko ta fashe a ɓarin hagu, gefen dama ne ke shanyewa, sau da yawa har magana ta sarƙe. Baki ya karkace, hannu ya saki, sai asibiti nan take. Kada a ɗura wa mara lafiyar ruwa ko rubutu, yana iya shaƙewa. Hawan jini ne babban mai jawo wannan.

Darasi na 3: Ruwan laka

Ƙwaƙwalwa da laka, wato babbar jijiyar da ke cikin ƙashin baya, suna cikin wani ruwa garai-garai da ke kare su daga buguwa. Jiki na yin kusan leda ɗaya a rana, tsohon yana komawa cikin jini.

Darasi na 4: Sanƙarau

Alamun sanƙarau su ne zazzaɓi, ciwon kai da sandarewar wuya, musamman da bazara. Likita na ɗibar ruwan nan ta ƙasan baya don gwaji. Ku kwafi darasi na 2 sau uku kafin Asabar.