Yadda sabon mai gudun motsa jiki zai fita cikin ruwan damina a Birnin Kebbi

Mutum ya fara gudun motsa jiki a watan Afrilu, lokacin da zafin Birnin Kebbi ke haura digiri 40, ya daure har jiki ya fara sabawa. Sai damina ta faɗi. Yau ya ce bari ruwa ya ɗauke, gobe ya ce hanya ta yi caɓi, kafin ya ankara Agusta ta wuce, kambas ɗinsa na ƙarƙashin gado har ya yi fumfuna. Ni ma na taɓa yin haka. Alhali gudu cikin yayyafi ya fi na bazara daɗi nesa ba kusa ba, ga ƙura ta kwanta, ga iska mai sanyi. Abubuwa uku ne kawai ke buƙatar lura: hadarin da ke gaban ruwan, ƙasar da za ka taka, da sanyin da ke biyo baya.

Ka fara da duba sama

Kafin ka ɗaura igiyar takalmi, fito tsakar gida ka dubi gabas, domin daga can hadarinmu ya fi tasowa. In ka ga ya haɗu baƙi ƙirin, iska ta fara ɗaga leda da ƙura, to zauna. Wannan iskar ta farko ita ce mai yaye kwanon rufi, ta karya reshen dogonyaro, ta tsinka wayar wuta. Babu motsa jikin da ya kai a yi kasada da ita.

Tsawa kuwa tana da lissafi mai sauƙi. Idan ka ga walƙiya, fara ƙirga daƙiƙa har ka ji rugugin. Ƙara na cin kusan kilomita 1 a cikin daƙiƙa 3. In ƙirgarka ba ta kai 30 ba, tsawar na cikin kilomita 10 da kai, kuma a wannan tazarar tana iya samun mutum. Shiga ɗaki, ka jira minti 30 bayan rugugi na ƙarshe. In a hanya ta ritsa da kai, nemi gini na sosai, masallaci ko shago. Kada ka fake a gindin bishiya ko rumfar kwano ta mai shayi, kada ka tsaya a tsakiyar fili kai kaɗai ne dogo.

Lokacinka shi ne bayan iska ta wuce, tsawa ta yi shiru, ya rage yayyafi. Irin ruwan marka na Agusta, mai sauka a hankali tun asuba ba hayaniya, shi ne abokin sabon shiga.

Abin da za ka sa

Ajiye rigar auduga. Tana shan ruwa ta yi nauyi, ta manne a jiki, tana gogar fata. Jesin 'yan ƙwallo ta fi, ko ta gwanjo ce, don ba ta riƙe ruwa. Ka zaɓi mai haske, ruwan ɗorawa ko ruwan lemo, yadda ɗan kabu-kabu da ya sunkuyar da kai yana kare ido daga ruwa zai hango ka tun daga nesa. Rigar ruwa ta leda ba ta da amfani a nan: a garinmu ko ana ruwa akwai ɗumi, minti goma ka jiƙe da gumi daga ciki. Hular hana-salla ita ce abin da ba na fita babu ita, bakinta ke tare ruwa daga ido. Mace ta nemi hijabi mara nauyi wanda bai wuce ƙugu ba, dogon na jiƙewa ya riƙa harɗe ƙafa.

Sai basilin. Shafa a cinyoyi, da hammata, da kan nono, da tsakanin yatsun ƙafa. Ranar da na raina wannan, ban ji komai ba sai da na shiga wanka, ruwa ya taɓa inda riga ta goge, na yi tsalle kamar an zuba mini barkono. Safa ta zama siririya, kambas kuma ka juya shi ka duba ƙasansa. In zanen ya shafe ya yi sumul, santsi zai kwashe ka. Waya da makulli a ƙulle su cikin leda. Abin saƙale kunne a bar shi gida, kana bukatar jin hon da tsawa.

Zaɓen hanya

Damina ba lokacin gwada sabuwar hanya ba ce. Bi wadda ka san ramukanta tun da rani, kwalta ce ko kewayen filin wasa na Haliru Abdu, kuma kada ka yi nisa da gida. Gara ka zagaya gajeren wuri sau huɗu da ka miƙe hanyar Argungu hadari ya dawo ya same ka a sarari. A titi ka bi hannun hagu, kana fuskantar motocin da ke tahowa.

Duk ruwan da ba ka ganin ƙasansa, kewaye shi. Ƙarƙashinsa na iya zama kwalbatin da murfinsa ya karye, ko fasasshiyar kwalba, ko wayar wuta da iska ta kayar. Mai gudana ya fi haɗari: ruwa mai ƙarfi da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba, wato ɗan sama da idon sawu, yana iya kayar da babba. Hanyar fadama kuwa a bar wa masu shinkafa. Laka na cire takalmi, macizai kan fito bayan ruwa, kuma ruwan kududdufi da na gona shi ke ɗauke da tsargiya.

Gudun kansa

Fara ɗumama jiki a zaure, minti biyar na taka-taka da juya gaɓoɓi, ka fita da ɗuminka. Sannan ka yi gudu na minti ɗaya, tafiya minti biyu, kana maimaitawa har minti 20. Sau uku a mako ya isa. Rage tsawon taku, ƙafa ta riƙa sauka a ƙarƙashin jikinka, idonka na 'yan matakai gabanka. A kwana, da kan farin fentin titi, da gaban garejin kanikawa inda baƙin mai ke tasowa saman ruwa, koma tafiya. Gwajin sauri ɗaya ne: in ba za ka iya amsa gaisuwa ba tare da haki ba, ka yi yawa.

Kuma za a gaishe ka. Wata safiya wani dattijo da ke fake a ƙofar gida ya bi ni da kallo ya ce, "Lahiya, ɗana? Mi yak koro ka?" Na ce, "Lahiya lau, Baba, motsa jiki ne." Ya girgiza kai ya ce Allah ya ba da sauƙi.

In ka dawo

Nan mutane ke yin sake. Muddin kana gudu jiki na da zafi, da ka tsaya da jiƙaƙƙun kaya sai sanyi ya shige ka. Kada ka tsaya hira. Cire kayan nan take, yi wanka da ruwan ɗumi da sabulu, ka wanke ƙafa sosai, musamman in akwai ƙwarzane ko ciwo. Sha ruwa ko ba ka jin ƙishi, don ka yi gumi, ruwan sama ne ya ɓoye shi. Sai koko da ƙosai, ko shayi mai zafi. In zazzaɓi ya biyo baya, kada ka ɗora wa dukan ruwa ka kwanta; damina lokacin sauro ce, je a gwada jininka. Mai hawan jini, asma ko ciwon zuciya ya ga likita tun kafin ya fara.

Kambas ɗin kuma, zare shimfiɗar cikinsa, ɗauraye lakar, cusa tsohuwar jarida ko takarda a ciki, ka jingina shi inda iska ke kaɗawa. Kusa da murhu gam ɗinsa ke saki. Ka sauya takardar da dare, zuwa jibi ya bushe ka sake fita.