Yadda Ake Nemo Tafet ɗin Tsohuwar Peugeot 504

Wanda ya buɗe injin 504 a Katsina ya san tafet ne ke tsayar da aiki. Guda 8 ne, kowanne ɗan ƙarfe ne da ke zaune kan kamshaf (sanda mai tuddai da ke juyawa cikin inji), tafet ɗin ke tura sandar da ke buɗe bawul.

Da farko, in kana cirewa, jera su a kwali ka rubuta lamba 1 zuwa 8. Kowane tafet ya ci daidai da gurbinsa, in ka cakuɗa su za su cinye kamshaf.

Sai ka duba gindin kowanne. Nan ne aikin yake. Mai lafiya gindinsa yana da ɗan tudu kaɗan. Haɗa gindin biyu: in suna ɗan lilo, da sauran rai, in ya lotsa ciki ko ya yi ramuka, ajiye shi gefe. Duba kamshaf ɗin ma, don sabon tafet ba ya gyara wanda ya riga ya cinye.

Auna kauri da tsawo da baniya, wato ma'aunin ƙarfe na makanikai, ka rubuta. Kada ka yarda da ido, ko na wane bakanike ne.

Riƙe tsoho ɗaya a aljihu ka fara da 'yan kayan gyaran gari. In babu, sai Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Ni na fi son sabo ko da tsada, na Beljiyam, wato na hannu, ya riga ya saba da wani kamshaf.

Kafin ɗaurawa, shafa masa baƙin mai ka saka a raminsa. Ya sauka a hankali, yana juyawa, ba girgiɗi. Saita tazarar bawul inji na sanyi, ka tayar, ka ɗan ɗaga wuta na minti 20.