Yadda Za Ka Rubuta Tarihin Ƙaramin Garinku

Manyan birane irin su Kano da Katsina suna da marubuta, amma ƙananan garuruwa da yawa ba su da ko shafi guda, kuma duk dattijon da aka binne yakan tafi da wani sashe na labarinsu. Wanda ya yi niyyar wannan aiki ya fara da gaishe da dagaci da limamin gari, ya bayyana musu manufarsa, domin a ƙauye ba a sakin baki da baƙon da bai shigo ta ƙofa ba, ko da kuwa ɗan gari ne da ya daɗe a birni.

Kafin ka tambayi kowa komai, ka zaga garin da ƙafa. Ka rubuta garuruwan da ke maƙwabtaka da shi ta kowace kusurwa, da nisansa daga hedikwatar ƙaramar hukuma, da ranar da kasuwarsa take ci. Ka lura da inda jigawa take da inda fadama take, da burtalin shanu, da tsofaffin rijiyoyi, domin ruwa da ƙasar noma su ne suka fi bayyana dalilin da ya sa aka zauna a wuri. Ragowar ganuwa, da ramukan marina da suka cike, da tarin kukoki a fili, duk shaidu ne. Ka nemi a kai ka kufai idan akwai, tun da garuruwa da dama sun tashi daga mazauninsu na farko, kamar yadda Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta koma kufai bayan faɗuwarta a 1808.

Hira da dattawa ita ce zuciyar aikin, kuma a nan aka fi yin kuskure. Kada ka tsaya a gidan sarauta kaɗai, saboda kowane gida yana ba da labarin da ya fi ɗaukaka kakanninsa. Ka zauna da maƙera, da wanzamai, da maroƙan da suka haddace kirarin masu sarauta, ka kuma nemi tsofaffin mata, waɗanda a ganina sun fi maza riƙe zaren auratayya da asalin gidaje. Ka yi hira da kowa shi kaɗai, ka naɗi muryarsa a waya da izininsa. Za ka ji an ce wani maharbi ne ya sari garin, ko kuma kakanni daga gabas suka zo. Ka rubuta yadda aka faɗa, ka ambaci wanda ya faɗa, kuma idan ruwaya biyu suka saɓa ka kawo su duka, kada ka zaɓi wadda ta fi daɗin ji.

Dattijo ba zai ba ka shekara da lamba ba, saboda haka ka auna maganarsa da abubuwan da aka san lokacinsu: hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu a 1804, cin Kano da Sakkwato da Turawa suka yi a 1903, yunwar Kakalaba ta 1914, canjin hannun tuƙi a 1972, da zuwan naira a 1973. Tambayar “kana da aure lokacin da aka yi canjin kuɗi?” ta fi “wace shekara ce?” amfani. Daga nan ka gwada abin da ka ji da takardu. A ma’ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna akwai rahotannin da jami’an Turawa suka rubuta don yanka haraji, masu ɗauke da sunayen ƙauyuka da yawan masu biya. Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi da ke Kaduna, shi ma yana da nasa kundaye. Sai dai ka tuna cewa mutane sun riƙa ɓuya daga ƙidayar haraji da jangali, don haka alƙaluman sukan gaza gaskiya.

Batun yawan jama’a yana buƙatar tsoron Allah, domin kowa yana son a ce garinsu babba ne. Ƙidayar Nijeriya ta ƙarshe an yi ta a 2006, kuma adadin da aka fi samu na ƙananan hukumomi ne, ba na ƙauyuka ba. Mafita ita ce ka bi masu unguwanni ku ƙirga gidaje, ka shiga wasu daga cikinsu, manya da ƙanana, ka ƙirga masu kwana a ciki, sa’an nan ka yi ƙiyasi. Ka yi hakan da damina, lokacin da ’yan cin rani suka dawo gida. Ka kuma yi hattara da kunya, domin uwa takan tsallake ɗan fari idan tana lissafa ’ya’yanta. Duk adadin da ka samu, ka rubuta cewa ƙiyasi ne, da watan da ka yi shi, da hanyar da ka bi.

Idan ka kammala, ka karanta wa dattawan a zauren dagaci kafin ka buga, su gyara abin da ka ji ba daidai ba, sa’an nan ka ajiye kwafi ɗaya a makarantar firamare ta garin.