Yadda za ki koyi zanen yadi irin na Sikandinabiya ki buga labule da matashi da hannunki

'Yan uwa na Jidda da Makka da Madina, duk wadda ta taɓa shiga shagon kayan ɗaki na IKEA ta tsaya wajen yadika da rigunan matashi ta san irin zanen da nake nufi, na mutanen arewacin Turai irin su Suwidin da Finlan, ganye manya manya, ɗigo ɗigo, ratsi, kala biyu ko uku a kan fari, babu hayaniya amma ido ya kasa barinsa. Mutane da yawa sun ɗauka sai masu injin kamfani ne ke iya wannan, alhali tushensa aikin hannu ne, kuma a cikin shiggarki a kan teburin cin abinci za ki iya farawa. Abin da nake so ki riƙe tun yanzu shi ne ba furanninsu za ki kwafa ba, yadda suke kallon abu su rage shi har ya koma siffa mai sauƙi, shi za ki koya.

Ki fara da kallo tukunna, kar ki sayi komai. Ki shiga intanet ki nemi Marimekko, kamfanin Finlan ne da Armi Ratia ta kafa a Helsinki a 1951, ki duba zanen da ake kira Unikko wanda Maija Isola ta yi a 1964, fure ne ƙato wanda gefensa ma bai daidaita ba, kinga alamar hannu a jikinsa, kuma har gobe ana buga shi. Daga nan ki nemi Josef Frank, mutumin Ostiriya da ya koma Suwidin a 1933 ya yi aiki da shagon Svenskt Tenn na Estrid Ericson a Stockholm, shi nasa cike yake dam da rassa da 'ya'yan itace da kaloli, dan ki san ba gaskiya ba ne da ake cewa kayan ƙasashen nan fari da toka ne kawai. Sai Stig Lindberg da koren ganyensa na Berså, sai Viola Gråsten da zanenta Oomph na 1952 mai kusurwa uku uku, sai ƙungiyar 10-gruppen, masu zane goma da suka haɗu a 1970 suka riƙa fitar da nasu yadin da kansu. Kar ki tsaya kan "kai ya yi kyau". Kowane ɗaya ki ƙirga kala nawa ne a ciki, ki nemo inda zanen ya fara maimaita kansa, ki lura da filin da aka bari babu komai. Wannan filin da aka bari fayau, ni a wurina shi ne rabin aikin, kuma shi ne ya fi mana wuya, domin idonmu ya tashi da atamfa da leshi inda ba a barin wuri sai an cike.

Akwai dalilin da ya sa zanensu ya zama haka. Can arewacin Turai hunturu doguwa ce, rana kan fito sa'o'i kaɗan ta faɗi, to suna neman abin da zai haska ɗaki, shi ya sa farin yadi mara nauyi da kala mai ƙarfi. Mu nan matsalarmu akasin haka ce, rana ta yi yawa, tana cin kala, labulen da ya kalli yamma a Jidda in babu shafi a bayansa ba ya daɗewa zai koɗe. Saboda haka salon za ki ɗauka, amma labule ki sa masa shafi mai kauri, ko kuma ki fara da abin da rana ba ta dukansa, rigar matashi, shimfiɗar tebur, ƙyallen kicin.

To me za ki zana. Su bishiyoyin dajinsu da furannin bazararsu suka zana, ke kuma ki leƙa waje. Ganyen darbejiya irin wanda aka shuka a Arfa, reshen dabino, ɗanyen dabino a jikin nononsa, furen wardi na Ɗa'if, rumman da aka raba biyu, finjalin gahawa, butar dalla. In kin je Balad, tsohon garin Jidda, ki ɗaga kai ki kalli rawashin ɗin tsofaffin gidaje, tagogin katakon nan masu saƙa, zane ne a shirye yana jiran mai ɗauka. Ga dagi namu na gida, ga zanen hula, ga zanen ƙwarya. Wani abin daɗin kuma, yawancin gidajenmu ba a son hoton mai rai a labule, musamman ɗakin da ake sallah, to wannan salo na ganye da siffofi ya zauna mana daidai ba sai an yi gardama ba.

Ki ɗauki abu ɗaya, misali ganyen darbejiya na gaske, ki ajiye gabanki ki zana shi yadda yake. Ki sake zanawa ki cire jijiyoyin. Ki sake ki rage yawan ƙananan ganyen ki ƙara musu girma. Daga nan ki ajiye fensir gaba ɗaya ki ɗauki almakashi da baƙar takarda ki yanke shi ba tare da kin zana ba, almakashi ba ya yarda da ƙananan ƙyale ƙyale, dole ya ba ki siffa tsaf. Ki manna a bango ki ja da baya zuwa ƙofar ɗaki, in har daga can kin gane shi kuma ya burge ki to ya yi. Kuma ki yi shi babba, wanda ya kai tafin hannu ko ya fi, zanen ɗaki daga nesa ake kallonsa, ƙanana sai su cakuɗe su zama ƙura.

Yanzu ga wurin da ya kamata ki zauna ki natsu, wato haɗa maimaici, yadda zane zai ci gaba hagu da dama sama da ƙasa ba tare da an ga layin haɗi ba. Ki sami farar takarda murabba'i, kamar santimita 20 kowane gefe. Ki jera siffofinki a tsakiya kar ko ɗaya ya taɓa baki. Ki yanka takardar biyu daga sama zuwa ƙasa da reza da rula, ki musanya, ɓangaren dama ya koma hagu na hagu ya koma dama, ki liƙe ta baya da salatif bakin ya haɗu cif. Ki sake yankawa a kwance, na sama ya koma ƙasa na ƙasa ya hau sama, ki liƙe. Za ki ga zanenki ya watse zuwa kusurwoyi huɗu tsakiya ta zama fili, sai ki cike tsakiyar da sababbin siffofi, nan ma kar ki taɓa baki. Shikenan kin sami tayil ɗinki. Ki kai maktaba a yi miki hoto kwafi tara ki jera uku uku a ƙasa ki hau kan kujera ki kalla. A nan aibi ke fitowa, za ki ga wata farar hanya ta miƙe a tsakani ko wani ganye ɗaya yana ta tsalle yana jan ido a layi, sai ki koma ki matsar, ki juya wani, ki sake kwafi. Kar ki gaji da wannan matakin, gyara a takarda riyal kaɗan ne, gyara a yadi asarar mita ce.

Akwai kuma jeri na rabin sauka, inda layi na biyu ke sauka da rabin tsayin tayil, yana ɓoye maimaicin sosai kuma ya fi dacewa da fure da ganye. Kwamfuta tana yin duk wannan, Inkscape kyauta ne, masu iPad ga Procreate, amma ki bari sai hannunki ya gane da takarda.

Kala biyu, in ta yi yawa uku, kuma farin yadin shi ma ki ƙirga shi a matsayin kala. Wata dabara da masu bugun can suke ji da ita, in fentin mai shara shara ne ki buga rawaya ki ɗora shuɗi a gefensa, inda suka hau juna kore zai fito, kin sami ta uku kyauta. Kafin ki yanke shawara ki kalli kanabar majalisinki da kafet, in su ja da ruwan gwal ne masu nauyi to matashi mai baƙi da fari ko kore mai duhu a kan ruwan madara zai huta da ido.

Yadi ki nemi auduga zalla ko lilin, mara sheƙi, a kasuwar Bab Sharif ko duk inda kike sayen yadi, akoko ma ya isa gwaji. Roba roba ba ya riƙe irin wannan fentin da kyau. Ki wanke shi kafin komai dan sitatin kamfani ya fita kuma ya gama shan ruwansa, ya bushe ki goge sumul. Tebur ki shimfiɗa tsohon bargo ki ɗora zanin gado ki ja ya miƙe, sannan ki kafe yadinki da fil ko salatif ɗin takarda.

Hanya mafi sauƙi ita ce hatimi. Ki sayi faifan laino ko robar sassaƙa da 'yan wuƙaƙensa a shagon kayan zane, in babu to soso mai laushin nan na aikin yara ki yanka ki manna a kan katako. Ki tuna abin da kika sassaƙa a juye zai fito. Fentin yadi na ruwa za ki nema, ki shimfiɗa kaɗan a kan tire ki mirgina rola har ya kwanta siriri, ki shafa wa hatimin, ki ɗora, ki danna da nauyin jikinki ki ɗaga tsaye kar ki ja gefe. Ki riga ki ja layukan awo da allin tela domin kowane bugu ya san mazauninsa. Wani wurin zai fi wani cika, wani ya ɗan yi hatsi hatsi, ki bar shi haka, wannan ne kyan aikin hannu, a Suwidin akwai Jobs Handtryck a yankin Dalarna da suke buga yadi da hannu tun shekarun 1940 kuma saboda hakan ake nemansu.

In hannu ya faɗa sai ki hau bugun firam, wanda shi ne ainihin hanyar da aka buga yawancin zanukan da na lissafa. Firam ne na katako ko alminiyom da aka ɗaure wa raga mai laushi, aikinsa kamar rariyar tankaɗe, inda aka toshe fenti ba ya wucewa inda aka bari ya sauka kan yadi. Na yadi ki nemi raga mai lamba 43T. Ki yanke siffarki a jikin takarda siririya, ki shimfiɗa ta kan yadin, ki ɗora firam, ki zuba fenti a layi a can sama, ki kama robar ja da hannu biyu a ɗan karkace ki jawo zuwa gabanki da ƙarfi ɗaya, sau biyu ya isa galibi. Jan farko zai manne takardar a ragar, sai ki ci gaba. A sami mai riƙe miki firam ɗin, motsi kaɗan ke ɓata bugu. Kowace kala da nata firam ko nata zagayen, mai haske ake farawa da ita, ta bushe sannan mai duhu, kuma in siffofi biyu na kusa da juna ki buga ɗaya ki tsallake ɗaya ki dawo daga baya dan kar firam ya hau ɗanyen fenti. Takarda zama ɗaya take yi ta mutu, in kina son zane mai ɗorewa ki kai wa masu shagon talla da ke buga riguna su gasa miki shi a raga.

Zafin ƙasar nan ki yi hattara da shi wallahi. Fentin ruwa yana bushewa a cikin raga cikin mintuna, ya toshe ta, in ya kama sosai firam ya tashi aiki. Ki yi bugu da sassafe ko bayan isha, kar iskar mukayyif ko fanka ta doki teburin kai tsaye, bayan kowane ja ki mayar da fenti ya rufe ragar, ki tambayi mai shago ruwan da ke jinkirta bushewa, kuma kina gamawa ki wuce famfo da firam ɗin kafin ki amsa waya. Mutanen Makka da Madina abin ya fi tsananta gare ku saboda iskarku busasshiya ce, mu na Jidda laimar teku tana ɗan taimakon raga amma yadin kan jima bai bushe ba.

Ki bar shi ya kwana, sannan ki kama fentin da dutsen guga, zafin auduga, babu tururi, ki ɗora ƙyalle a sama ki goge kowane wuri minti 3 zuwa 5, amma abin da aka rubuta a jikin gwangwanin shi ne gaba da maganata. Ki yanki ƙyallen gwaji ki wanke ki gani kafin ki ɗinka komai.

Wajen ɗinki, rigar matashi santimita 45 da 45 ko 50 da 50 ki sa babbar siffar ta faɗo inda kike so kafin ki sa almakashi. Labule kuwa faɗin yadin ya ninka faɗin taga sau ɗaya da rabi zuwa biyu, amma ga zane manya kar ki cika tattara, tattara na haɗiye shi, kuma kowane fale ki ƙara tsayin maimaici ɗaya a lissafi domin in an rataye ganyen hagu ya yi daidai da na dama.

Mai niyyar sayarwa, dan Allah kar ki buga Unikko ko zanen wani ki ce naki ne, suna da masu su, haƙƙi ne, ga shi kuma naki na darbejiya ko rawashin babu wanda ke da irinsa a kasuwa. Ki tabbatar takardunki sun ba ki damar sana'ar bisa dokar ƙasar. Lokacin da aka fi neman kayan ɗaki shi ne gab da azumi da ake sabunta majalisi, to ki fara gwajinki tun Rajab, matashi huɗu masu zane ɗaya kala daban daban sun isa ki nuna wa mutane.