Yadda Nake Cire Cingam Daga Gashin Yara da Tufafi

Daren jajiberin ƙaramar Sallah 'yar autata ta yi barci da cingam a baki. Da asuba sai ga shi cikin sabon kitsonta, sauran kuma ya manne a zanin gado. Kakarta ta ce a kawo almakashi. Na ce, "Hajiya, a yi haƙuri, a miƙo mini man gyaɗa."

Kafin ki taɓa komai, 'yar'uwa, ki sani cewa cingam ba ƙaro ba ne. Ƙaron da muke tsinka a jikin bishiya muna yara, ruwa na narkar da shi. Cingam kuwa dangin roba ne tun asalinsa. Mutanen Maya na ƙasar Meziko ne suka daɗe suna tauna danƙon wata bishiya da ake kira sapodila: a hau ta, a sassare bawonta da adda, ruwan farin ya gangaro, a dafa shi ya yi kauri. Wani tsohon shugaban Meziko, Santa Anna, da yake gudun hijira a New York, ya kai wa wani Ba'amurke mai ƙere-ƙere, Thomas Adams, wannan danƙo da nufin a yi roba da shi. Robar ta ƙi yiwuwa, sai Adams ya mayar da shi abin tauna, har ya yi rajistar injin yinsa a 1871. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanoni suka koma robar da ake samu daga man fetur, wani nau'in ma irin wadda ake yin tiyub ɗin taya da ita ne. To kin ga, zuba ruwa da cuɗawa ɓata lokaci ne. Abu biyu kawai ke cin ƙarfinsa: sanyi yana sa shi ya daskare ya karye, mai kuma yana sa shi ya saki.

Na gashi, mai ne maganinsa. Ki ware gashin da abin ya kama, ki ɗaure sauran gefe. Ki shafa man gyaɗa ko man kaɗanya sosai, kada ki yi rowarsa, ki riƙa murzawa da yatsu kamar minti biyar. Za ki ji ya fara santsi yana ɓarɓashi. Sai ki ɗauki matsefi mai manyan haƙora ki fara taja daga bakin gashin kina hawa sama, kina goge abin da ya fito da tsumma. Idan cikin kitso ne, ki tsefe layin nan ɗaya kawai, mai kitso ta mayar daga baya. Ki wanke da sabulu da ruwan ɗumi. Kananzir kuwa kada ya kusanci kan yaro, ko da maƙwabciya ta rantse miki ta gwada.

Na tufafi, ban yarda da mai ba, domin yana barin tabo, musamman a shadda. Ki sa ƙanƙara a leda ki ɗora a wurin kamar rubu'in awa, ko ki naɗe kayan ki jefa a firiza idan akwai wuta, cingam ɗin yana kallon waje. Da ya yi tauri, ki kankare da bayan cokali da hanzari kafin ya sake laushi. Leshi yana son haƙuri: da farce ake tsinke shi kaɗan-kaɗan. Kada dutsen guga ya hau wurin sai kin tabbata ba saura, in ba haka ba ya narke ya shige zaren.

Ƙasar Singafo ta hana sayar da cingam tun 1992, bayan an riƙa manna shi a ƙofofin jirgin ƙasa suna ƙin rufuwa. Ni dai a gidana dokar tana fara aiki ne bayan sallar isha'i, kuma sai kowa ya buɗe baki na duba.